Ƙusa ta huda min taya kusa da gefe: a bar facin ko in haƙura in sayi wata?

Baban Sadiya, Taura

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa samu. Jiya Lahadi ina dawowa daga kasuwar Gujungu bayan la'asar, sai na ji bayan motar yana rawa. Da na tsaya na tarar tayar baya ta dama ta kwanta. Safayar ma babu iska a cikinta, ga iyali a mota, ga buhun gero biyu a but. Haka na lallaɓa kusan kilomita biyu har wurin wani mai faci. Ya zaro ƙusa, ya cusa igiyar nan mai danƙo daga waje, ya ba ta iska, muka iso gida. Da safen nan na duba, iskar tana nan.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wurin hudar. A kafaɗar tayar take, daidai inda zane yake ƙarewa gefe ya fara. Zanenta da saura sosai. Ranar Asabar kuma zan kai mahaifiyata Kano ganin likita. Kuɗin sabuwar taya a yanzu kowa ya sani. In tafi da ita a haka?

Direban Sharon, hanyar Ringim zuwa Kano

Wa alaikumus salam. Malam, shekarata goma sha huɗu a kan hanyar nan, kuma ba ƙaramin faci na hau ba. Akwai tayar da ta sha huda uku a hannuna, na yi ta aiki da ita har zanenta ya cinye. Amma duka ukun a tsakiyar gadon baya suke, inda take taka ƙasa, kuma nesa da juna. Ta kafaɗa kuwa sau ɗaya na yarda da ita, ban sake ba. Wajen Gezawa ne, da fasinja cike, rana ta take, igiyar ta fita gaba ɗaya. Allah Ya taimake ni ba gudu nake ba. Wata tsohuwa a kujerar tsakiya sai salati take yi, har yau ina jin muryarta. Da Hajiya a mota ba zan ce maka ka tafi ba.

Ɗan Autan Garki

Ni dai ina ganin ana tsorata shi da yawa. Tawa wata takwas ke nan da irin wannan igiyar, ko sau ɗaya ban ƙara mata iska ba. In ta kwana ba ta sauka ba ai ta kama.

Mai faci, bakin tasha, Ringim

Ɗan Auta, taka a ina ƙusar ta shiga? In a tsakiya ne, ba abin mamaki ba ne ta kai wata takwas. Bari in yi wa Malam bayani yadda muke gani a wurin aiki, don wannan sana'ar na gada.

Gadon bayan taya, inda zane yake, akwai shimfiɗar waya ta ƙarfe a ƙarƙashinsa. Wurin yana da tauri, ba ya lanƙwasa sosai, shi ya sa faci yake zama. Gefe kuwa roba ce da zare, kuma duk juyi ɗaya da taya za ta yi sai ya lotsa ya miƙe. Kafaɗa ita ce mahaɗarsu, nan bakin wayar yake ƙarewa, nan kuma zafi ya fi taruwa. Duk abin da ka liƙa ko ka cusa a wurin, murza shi ake yi dare da rana. Zai iya riƙe iska a tsaye a ƙofar gida sati guda, a hau kwalta da rana da kaya ya saki cikin minti ɗaya.

Ƙa'idar da masu ƙera taya suka bayar ita ce huda ta kasance a gadon baya, kuma faɗinta kada ya wuce milimita 6, wato kusan kaurin fensir ko ƙasa da haka. Sannan gyaran gaskiya sai an cire taya daga rim, an duba cikinta, an kankare wurin, an toshe ramin, an kuma liƙa faci daga ciki. Igiyar waje ta kai ka gida ce. Ni ma ina sa wa mutane ita, musamman da dare, amma ina gaya musu su dawo.

Amma Malam, abin da ya fi damuna a labarinka ba ƙusar ba ce. Kilomita biyun nan da ka yi a kwance, da kaya a but. Rim yana niƙa gefen tayar daga ciki, daga waje ba za ka ga komai ba. Ka je a buɗe ta a gabanka. In ka ga garin roba baƙi kamar an daka gawayi, ko wani zobe ya zagaye gefen ta ciki kamar an goge wurin, to ta gama aiki, ko da ƙusar a tsakiya take. Mai facin da ya ƙi buɗe maka saboda gajiya, ka bar shi ka je wurin wani.

Ɗan Autan Garki

Gaskiya tawa a tsakiya ce, Baba. Kuma a ƙofar gida na tarar da ita ta sauka, ban taka ta ba. Na janye maganata.

Maman Ilham, malamar asibiti

Ni ba direba ba ce ta sana'a, amma kullum sai na tuƙa kaina zuwa wurin aiki, hanyar rabinta burji ce. Bara da damina na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Taya ba ta fashe ba, sai bayan kwana biyu na ga wani ƙullutu ya fito a gefenta kamar ƙwan kaza. Wani ya ce min a sa mata tiyub a ciki a ci gaba. Maigidana ya hana, ya ce zaren ciki ne ya tsinke, iska ce take tura robar waje, tiyub ba zai ɗinke zare ba. Muka cire ta a ranar. Na ji zafin kuɗin, albashi bai shigo ba, sai da na taɓa kuɗin adashi.

Ina faɗin wannan ne don a wurin aikinmu ake kawo waɗanda taya ta fashe da su. Yawanci ranar kasuwa ne, mota cike da mutane da kaya. Ba na son in ba da labarin abin da idona ya gani. Baban Sadiya, don Allah ka buɗe tayar nan kafin Asabar. Allah Ya ba Hajiya lafiya.

Alhaji mai riɗi, Maigatari

Amin. Ni matsalata ƙaya ce ba ƙusa ba. Duk kaka ina shiga ƙauyuka sayen riɗi, hanyoyin nan na cikin gona, ƙayar aduwa ba ta san tayar mota ba. A shekara sai in yi faci biyar ko shida. Wanda zai ce min in sayi sabuwa duk huda, to sai dai in bar sana'ar. Saboda haka ni mai goyon bayan faci ne, in dai a tsakiya yake kuma daga ciki aka yi shi. Abin da na koya kawai, in huda biyu suka matso juna har facinsu zai haɗu, sai in mayar da ita safaya, ta gaggawa kawai.

Sai dai ina so in ja kunnen Malam a kan abu ɗaya. In an buɗe an ce ta mutu, zuciyarka za ta raya maka ka sayi 'yar kwatano, tunda ta fi sauƙi. Na taɓa saye guda biyu a Kano, zane kamar sabo, an shafe su sun yi baƙi suna sheƙi. Wata uku ba a yi ba ɗaya ta fara tsattsagewa a gefe kamar ƙasar fadama da rani, ɗayar kuma da aka buɗe ta faci uku muka tarar a ciki, ɗaya a kafaɗa. Ka ga na sayi irin matsalar da kake gudu ke nan da kuɗina. Ita tsohuwar taya ma tana cikin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su ƙasar nan, amma ga su nan ko'ina. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu na Najeriya wajen 2007 da 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, shi ya sa farashinta yake bin dala.

Malamin sakandare, Gumel

Ƙari a kan maganar Alhaji. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa ƙarshe, za ka ga lamba huɗu, galibi cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙerawa. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko yaya zanenta yake. Da zafin da muke sha a watan Afrilu, sama da digiri 40 a inuwa balle a kan kwalta, ni na fi karkata ga lissafin farko. Har sabuwa a shago ka duba lambar, don wata ta shekara uku a ajiye.

Akwai kuma lambar nauyi. In an rubuta 195/65 R15 91H, wannan 91 ɗin tana nufin taya ɗaya kilo 615 za ta ɗauka, da cikakkiyar iska. Ka lissafa nauyin motar, da mutum biyar, da buhu biyu, ka ga inda tayoyin baya suke tsayawa. Yawan iskar da ya dace kuma yana rubuce a jikin motar, a wasu kan ginshiƙin ƙofar direba, a wasu cikin murfin tankin mai. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Dukan ta da ƙafa ba awo ba ne.

Direban Sharon, hanyar Ringim zuwa Kano

Malamin Gumel ya yi gaskiya. Abu ɗaya zan ƙara, in guda ɗaya ko biyu ka saya, a baya za ka sa. Mu da muna ɗauka gaba ya fi, tunda can sitiyari yake. Amma ta gaba in ta saki kana jin ta a hannunka, kana iya riƙewa. Ta baya in ta ƙwace, bayan motar ne yake juyawa, kafin ka ankara kun kalli inda kuka fito. In kuma hakan ta faru, kada ka danna birki da ƙarfi. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ta rage gudu da kanta.

Baban Sadiya, Taura

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Yau Talata na kai ta aka cire daga rim a gabana. Abin da Baba mai faci ya faɗa shi na gani. Garin roba ya kai cikin tafin hannu, ga zobe ya zagaye gefen ta ciki, a wani wurin har zare ya fara leƙowa. Daga waje kuwa lafiya lau take, wallahi da ban buɗe ba da ita zan tafi. Igiyar ma a karkace ta shiga, bakinta ya fito ta wajen gefe.

Na sayar da buhun gero ɗaya na cika, na aika ƙanena Kano ya sayo sabuwa. Na ce ya karanto min lambar ta waya kafin ya biya, ta bara ce. An ɗaura ta a baya. Sauran ukun 2022 ne, ɗaya tana da faci a tsakiya, an buɗe an gani daga ciki aka yi shi, mai facin ya ce in bar ta.

Safayar ce ta ba ni tsoro. An ba ta iska, an zuba ruwan omo, bawul ne yake zuba, an canja shi. Amma da na duba lambarta 4113 na gani, tun 2013 ke nan, kuma gefenta duk ya yi ƙananan tsaga. Ba ni da halin sayen ta biyu a wannan watan. Na roƙi maƙwabcina, motarmu iri ɗaya ce, ya ce in ɗauki tasa ranar Asabar in dawo masa da ita. Bayan sallar asuba za mu tashi in Allah Ya yarda, don mu shiga Kano kafin kwalta ta yi zafi. A sa Hajiya a addu'a.