Wai allura na kashe mai ciwon shawara?

Kawu: Salamu alaikum 'yan gida. An ce idon Auta ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa kamar shayin da ya kwana. Shawara ce. Kada wanda ya kai shi likita, mai shawara ba ya shiri da allura. A jiƙa masa saiwar rawaya da marke.

Gwaggo: Maganar Yaya dutse. Maƙwabcinmu na Zango, ranar da aka soka masa allura bai kwana ba.

Ɗiya mai aikin jinya: Gwaggo, kwana nawa ya yi kwance a gida kafin nan?

Gwaggo: Ya fi sati uku.

Ɗiya mai aikin jinya: To kun gani, sai da hanta ta gama lalacewa aka kai shi, allura ta ɗauki laifi. Kawu, Allah ya ƙara girma, ku ba ni dama. Shawara alama ce, kamar hayaƙi, sai an nemo inda wutar take. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, saifa ta farfasa su, wani launi mai suna bilirubin ya fito. Hanta ke sarrafa shi ta zuba cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji. Shi ke rina kashi. In launin nan ya taru a jini, shi ne ido ke komawa ruwan ɗorawa: ko dai jini na fashewa fiye da ƙima, kamar a zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini, ko hantar ce ta kumbura, ko tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama. In toshewa ce, kashi kan yi fari kamar farar ƙasa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Wane jiƙo ne zai ture tsakuwa?

Kawu: Ni jiƙon nan ya tashe ni, tun ba a haife ki ba.

Ɗiya mai aikin jinya: Ban musa ba, Kawu. Ciwon hanta nau'in A yakan warke da kansa, da jiƙo ko babu. Amma nau'in E da ya ɓarke a Diffa a 2017, mata masu ciki ya fi kashewa.

Babban Yaya: Ni dai ina tsakiya. Masu yawo da magani a tire cikin kasuwar Dole fa? Su ma a miƙa musu hannu?

Ɗiya mai aikin jinya: A'a, Yaya, nan ina bayan Kawu. Allurar da aka soka wa wani tana yaɗa nau'in B da C, kuma parasetamol in ya yi yawa shi kansa yana ƙona hanta. Amma in zazzaɓin sauro ne ya yi tsanani, allurar artesunat ce ke ceto. Inna, jikinsa da zafi?

Inna: Zafi rau tun shekaranjiya, yana rawar ɗari, ko kunu ba ya zama cikinsa.

Babban Yaya: Ga ni nan da babur, a sa masa riga.

Kawu: Ku je a yi awon jinin. Rawayar dai tana jiƙe a ƙwarya, kada a zubar mini.