Neman shawara: an cire wa Umma filasta, hannun ya rame, fatar tana saɓa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawararku nake nema a kan mahaifiyata. Shekarunta 58. Mako shida da 'yan kwanaki ke nan santsi ya kwashe ta, ta kai hannu ƙasa don ta tare, ƙashin wuyan hannunta na dama ya karye. Aka yi hoto, aka gyara, aka sa mata filasta tun daga tafin hannu har kusa da gwiwar hannu. Shekaranjiya aka cire, likita ya duba sabon hoto ya ce ƙashi ya kama.

To amma abin da na gani ya ɗaga min hankali. Hannun ya rame ya motse, in kun jera shi da na hagu sai ku ce ba na mutum ɗaya ba ne. Fatar ta yi furu-furu tana ɓarewa, ga wari, ga wani gashi baƙi da ya tsiro a wurin. Ba ta iya dunƙule hannu, ko kofi ba ta iya ɗauka. Jiya na tarar da ita zaune ta ɗora hannun a cinya tana share hawaye, wai shi ke nan ya mutu. Wata maƙwabciyarmu ta ce a samu mai ƙarfi ya ja shi ya murza sosai, a kuma dirje fatar da soso. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Me ya kamata in yi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya. Ƙanwata, kada ki bari a kai soso wurin nan. Fatar mutum kullum cikin saɓa take, na sama yana mutuwa yana zubewa, na ƙasa yana tasowa, cikin wata guda ko fiye kaɗan ta sabunta kanta. Ba ma lura ne saboda wanka da tufafi suna kwashe mataccen. A cikin filasta babu wanka, babu iska, sai ya taru haɗe da gumi, shi ne warin da kike ji. Wadda ke ƙarƙashinsa kuwa sabuwa ce, ba ta yi ƙwari ba, in aka dirje ta sai ta tsage ta zama ciwo.

Ki zuba ruwan ɗumi a roba, ki gwada da hannunki tukuna, ta jiƙa hannun kamar minti goma. Ki wanke da sabulu mai laushi da tafin hannunki kawai, ki tsane da tawul ba tare da gogawa ba, sannan ki shafa mai marar turare. Kada ta riƙa ɓare ɓawon da farce. Cikin 'yan kwanaki za ki ga bambanci. Gashin kuma ki rabu da shi, ana yawan ganin haka bayan filasta, da kansa yake kaɗewa.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai a ganina a rataye hannun a wuya na wani wata guda ya ƙara hutawa. Tsohon ƙashi ba ya son wahala.

Likitar gashin ƙashi:
Ɗan'uwa, na san alheri kake nufi, amma wannan shawarar za ta ƙara sanƙarar da hannun, ta kuma jawo ciwon kafaɗa. Ita ma ta maƙwabciyar kada a ɗauka. Jan ƙarfi yana kawo kumburi, kumburi kuma shi ke ƙara ɗaure gaɓa.

'Yar'uwa, ki zaunar da Umma ki faɗa mata hannunta bai mutu ba. Abin da ya rame tsoka ce, ba ƙashi ba. Ki nuna mata a jikinki: ki riƙe damtsen hannunki ƙasa da gwiwa, ki motsa yatsunki, za ki ji nama yana motsi a ƙarƙashin tafinki. Manyan tsokokin da ke dunƙule yatsu da miƙe su a nan suke zaune, dogayen jijiyoyi ne suke tashi daga nan su ratsa wuyan hannu su kama yatsu kamar igiya. Daidai wurin nan filasta ta rufe mako shida. Tsoka kuwa in ba ta aiki jiki yana rage ta, tun daga makon farko take fara sirancewa. In ta koma aiki tana dawowa, ko a shekarun Umma, sai dai dawowar ta fi tafiyar jinkiri.

Shi kuma ƙashi, da likita ya ce ya kama, ba wai aiki ya ƙare ba ne. Ranar da ya karye jini ne ya taru ya daskare a wurin, daga baya wani abu mai kama da guringuntsi ya haɗe bakin karayar, sannan ya taurare ya zama sabon ƙashi. Yanzu jiki zai shafe watanni yana sassaƙa shi, yana rushe inda ya yi yawa yana ginawa inda nauyi ke sauka. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana gina kansa ne gwargwadon aikin da ake ba shi. Saboda haka motsi magani ne, amma a hankali.

Bayan ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ta riƙa taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Ta gwada dunƙulewa iya inda za ta iya, ta buɗe. Ta manna gwiwar hannu a kwiɓi ta juya tafin sama, ta juya shi ƙasa. Ta ɗora damtsen a kan tebur, tafin yana lilo a baki, ta ɗaga ta sauke. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana ya fi a yi da yawa lokaci ɗaya. Jin ɗan ja ba komai, amma zafi mai sara alama ce ta tsaya. In ta zauna ta sa matashi ta ɗaga hannun sama da ƙirji don kumburi ya sauka, kuma kada ta manta da ɗaga kafaɗa. Ɗaukar abu mai nauyi sai likitanta ya ba da izini. Ki roƙa a tura ku sashen gashin ƙashi, gani da ido ya fi duk abin da na rubuta.

Wani da ya taɓa karaya:
Sannu Yaya. Ni ma irin wannan karayar na yi. Ranar da aka cire min filasta na kasa sa maɓallin rigata, na zauna bakin gado jikina ya yi sanyi. Abin da ya taimake ni shi ne matse soson wanka cikin ruwan ɗumi kullum safe da yamma, bayan an ba ni izini. Wajen wata uku na koma yawancin ayyukana, amma juya mabuɗin ƙofa ya fi haka daɗewa kafin ya daina min zafi. Ki riƙa nuna wa Umma ƙaramin ci gaban da ta samu, don ita ba za ta gani ba.

Wani likita:
Na yarda da duk abin da 'yan'uwa biyu ma'aikatan lafiya suka faɗa. Zan ƙara abu biyu.

Na farko, akwai alamun da ba a jira da su. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna dindiris ko suna yi mata kamar ana tsira allura, musamman da dare, mai yiwuwa jijiyar da ta ratsa tsakiyar wuyan hannu ce ta matsu. Idan ta wayi gari ta kasa ɗaga babban yatsa, akwai jijiyar tsoka da kan tsinke makonni bayan irin wannan karayar. Idan kuma hannun yana zugi kamar wuta, yana sauya launi, yana gumi, ko taɓawar zane ba ta iya jurewa, shi ma ku koma asibiti da wuri.

Na biyu shi ya fi damuna, kuma ba wanda ya taɓo shi. Wannan karaya sananniya ce, tun 1814 wani likitan Dublin, Abraham Colles, ya siffanta ta, shekaru da yawa kafin a gano hoton ƙashi a 1895. Dogayen ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, na ɓangaren babban yatsa shi ke karyewa. Ƙashin mai lafiya sau da yawa yana jure faɗuwa daga tsaye. In mace ta haura 50 ta karye ta haka, dole a yi tunanin zaizayewar ƙashi. Ƙashi yana kaiwa ƙarshen ƙarfinsa wajen shekara 30, bayan ɗaukewar al'ada kuma sinadarin jikin mata da ake kira istirojin yana raguwa, rushewa sai ta fi gini sauri. Ciwon ba ya zafi, karaya ce ke fara tona shi, kuma wadda ake tsoro a gaba ita ce ta ƙugu ko ta ƙashin baya.

Ki nemi a yi mata gwajin ƙarfin ƙashi, ana ce masa DEXA, a kuma duba kalsiyam da bitamin D. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, hanji kuma ba ya tsotse shi da kyau sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. Kada ku sayi magani da kanku kafin gwaji. Ki faɗa wa likita idan tana da ciwon suga, ko ta daɗe tana shan magungunan sitiroyid irin na asma ko sanyin ƙashi, ko mahaifiyarta ta taɓa karayar ƙugu.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi na samu natsuwa. Da yamma na jiƙa mata hannun, ɓawon ya riƙa fita da kansa a cikin ruwan. Na sa ta riƙe damtsena na motsa yatsu, sannan na riƙe nata, ta motsa, muka ji tsokar ta ɗan harba. Ta taɓa manuni da na tsakiya, sauran biyun ba su kai ba tukuna. Likita, na tambaye ta, ta ce kakarmu ta karye a ƙugu shekara biyu kafin rasuwarta. Ranar Litinin za mu koma asibiti in sha Allah, na rubuta sunan gwajin a takarda.