Rubutu kan doka da rashin daidaito: me ke sa edita ya mayar da shi?

Ɗalibi, aji uku: Assalamu alaikum. Mujallar ɗaliban tsangayar shari'a tana neman rubuce-rubuce kan yadda doka ke tafiya da mai shi da mara shi. Yayyenmu da kuka saba da aikin, ta ina ake farawa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Tsohon editan mujallar ɗalibai: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yawancin wanda ake mayarwa, batun ne ya yi masa faɗi. "Talaka da shari'a a Najeriya" ba zai shiga shafi uku ba. Ɗauki sashe ɗaya. Ga sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999: wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sai ka tambaya, wa ke yin mako a caji ofis duk da haka? Wanda ba shi da mai tsaya masa. To ka sami abin rubutawa. Ka faɗi matsayarka tun sakin layi na farko, kada ka cinye shi da ma'anar kalmar doka. Kalma dubu zuwa dubu ɗaya da ɗari biyu sun wadatar, sai in an gindaya maka wani adadi.

Barista, Kano: Ni abin da ya fi damuna shi ne ɗora dokar da ba ta aiki a wurin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta kotunan tarayya ce da Abuja. Kano tana da tata ta 2019. Haka dokar 'yancin yara ta 2003 da ta hana cin zarafi ta 2015: sai ka duba ko jihar da kake magana a kanta ta yi tata, kuma me ta sauya a ciki. Wajen dokar laifuka, Arewa da kundin Penal Code take aiki, kudu da na Criminal Code, ga kuma dokokin laifuka na Shari'a a jihohin da suka kafa su. Wani sai ya ɗauko hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Ukeje ya ɗora wa gadon Musulunci, alhali al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon uba aka rushe a can. Kuskure ɗaya irin wannan, malami ya ajiye takardar.

Malama mai koyar da dokar tsarin mulki: Gaskiyarka, Barista. Ga wani rami kuma. Ɗalibi zai rubuta cewa sashe na 18 na kundin tsarin mulki ya ba kowane yaro ilimi kyauta, don haka a kai gwamnati ƙara. Sashen yana babi na biyu, shi kuwa sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotu kan wannan babin. Rubutu mai ƙarfi shi ne wanda ya amsa wannan cikas ɗin, sannan ya nemo ƙofa: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam wadda Najeriya ta mayar dokar gida, da hukuncin kotun ECOWAS na 2010 a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAP ta shigar kan ilimi. Kuma don Allah ku karanta hukuncin kansa, ba rahoton jarida ba. Ku raba ginshiƙin hukunci da abin da alƙali ya faɗa a gefe.

Mai aiki da cibiyar ɗalibai ta ba da agajin shari'a kyauta: Laburare kaɗai ba ya nuna bambancin mai shi da mara shi. Ka je kotun majistare safiya uku, ka zauna da biro da takarda, ban da ɗaukar hoto ko murya. Ƙirga mutum nawa aka gurfanar, nawa ke da lauya, wane sharaɗin beli aka sa (ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza, ko mai takardar fili), da shari'a nawa aka ɗage da dalilin ɗagewar. Ka rubuta cewa abin da ka gani ke nan a kotu ɗaya a waɗannan ranaku, kada ka ce haka ƙasar take. Sunan wanda ake tuhuma ba ya shiga, balle na yaro. Shari'ar da ba a yanke ba, kada ka yanke ta da alƙalaminka, raina kotu ne. Zargin cin hanci a kan mutum takamaimai ba tare da hujja a hannu ba, ɓata suna ne, kuma edita ba zai iya kare ka ba.

Barista, Kano: In kana neman batun da ba a cika taɓawa ba, duba dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu, wa'adin ya cika a farkon 2024. Zagaya kotunan garinku ka ƙirga nawa ne mai keke zai shiga ba tare da an ɗauke shi ba.