Dan Allah a ba ni shawara, an zaɓe ni shugabar reshe amma har yau ba a miƙa min komai ba

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya nake rubutawa ina gogewa. Ni famasist ce, ina da ɗan shagon magani a unguwarmu shekara tara kenan, kuma sati biyar da suka wuce aka zaɓe ni shugabar reshen ƙungiyarmu ta famasist masu shago a nan garin. Wallahi ban taɓa sa kujerar nan a raina ba. Abin da ya faru shi ne a wani mitin kafin azumi na miƙe na ce ya kamata a karanta mana lissafi, tunda ana karɓar naira 3,000 duk wata a hannun kowa amma rabon da a ce ga abin da ya shigo ga abin da ya fita tun lokacin korona, shi kenan fa abin da na faɗa, ban zagi kowa ba, sai ɗakin ya yi tsit, bayan an tashi yaran nan da suka buɗe shago kwanan nan suka biyo ni har wajen mota. Bayan sallah sau uku suna zuwa shagona wai sai na tsaya takara. Maigidana da farko ya ce sam bai yarda ba, ga shago ga yara huɗu ga ƙaramar ko yaye ta ban yi ba, sai da Hajiyarsu ta sa baki ta ce a bar ni in gwada, na yi istihara sati guda, na ji hankalina ya kwanta sannan na karɓi fom. Ranar zaɓe na samu ƙuri'a 26, wanda muka kara da shi, wato mataimakin tsohon shugaba, ya samu 19, aka yi addu'a aka ɗauki hoto kowa ya watse.

To daga ranar zuwa yau abin da aka kawo min leda ce guda, a ciki akwai littafin rasit biyu da suka ƙare, da tsohon ƙyallen sanarwa na taro, da hatimin reshe. Babu littafin minit, babu kundin tsarin mulkin ƙungiya, ban san ko nawa ne a akawun ba don har yanzu alat wayar tsohon ma'aji yake shiga. Na kira mitin na farko mutum 11 suka zo, kuɗin ɗaki da ruwa da lemo daga aljihuna suka fita. Ga 25 ga Satumba na tahowa, ranar famasist ta duniya, duk shekara muna fita bakin kasuwa mu yi wa mutane awon hawan jini da na suga kyauta, yanzu kowa ido ya zuba min. Mambobi kuma kullum waya, wannan ya ce masu kemis na sayar da allura da maganin da ba huruminsu ba in je in yi magana, wancan ya ce tunda kamfanin magani na GSK suka bar ƙasar nan a 2023 magungunansu irin su Augmentin da Ventolin sun fi ƙarfin talaka mu haɗa kuɗi mu riƙa sarin kaya tare. Ni dai barci ya ƙaurace min. Daga ina zan fara?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya taya ki riƙo. Na yi sakataren reshen ƙungiyar malamai shekara takwas, na ga miƙa mulki sau uku, don haka ki saurare ni da kyau. Duk sauran abubuwan da kika lissafa ki ajiye su gefe, akawun shi ne ƙungiya, wanda alat ke shiga wayarsa shi ne shugaba ko da ke aka ɗauka hoto. Gobe da safe ke da sabon sakatarenki ku rubuta wa tsohon shugaba da tsohon ma'aji takarda a hukumance, ku ba su kwana 14 su miƙa littafin minit, da cek, da rasit, da bayanin miƙa mulki a rubuce, ku aika kwafi ga shugabannin jiha. Sannan ki nemi takardar sakamakon zaɓe mai sa hannun shugaban kwamitin zaɓe, ki haɗa da minit na mitin da aka amince a sauya masu sa hannu, da hotunanku da BVN da NIN, ku je banki. A can ki nemi sitatimen na shekara uku. Kuma daga yau kar ki ƙara kashe ko sisin kwabo daga aljihunki, in kin saba musu da haka kin shiga uku.

Maman Sadiq:
Anti dan Allah ki bi a hankali. Takarda da wa'adin kwana 14 ai shelar yaƙi ce, kuma mutum 19 ba su zaɓe ki ba, jira suke ki yi kuskure. Ni a ganina ki ɗauki maigidanki ku je gidan tsohon shugaban bayan la'asar ku gaishe shi, ki ce kin zo neman albarka da shawara, ki ce Baba ni 'yarka ce a wannan aiki. Dattijo in ka girmama shi da kansa zai kira ma'ajin ya ce a kawo miki kaya. Da sannu ake fitar da zare daga ƙaya.

Abu Hafsat:
Hmm. Maganar nan ta taɓo min ciwo. Mu a wurin aikinmu ƙungiyar tara kuɗi muka yi, ana cirewa daga albashi duk wata, shekara shida ina zubawa da niyyar in sayi fili, ranar da na je neman bashi aka ce babu kuɗi a ƙasa, ashe shugabannin sun rarraba wa junansu. Aka kafa kwamiti, kwamitin ma aka kafa masa kwamiti, wanda ya fi cin kuɗin ya yi ritaya ya koma garinsu, har gobe ko naira ban gani ba kuma in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Ni yanzu ko ƙungiyar masallacin unguwa aka ce a kawo kuɗi sai na ga takarda.

Ummu Hanan:
Na gode ƙwarai. Baban Walid na ji maganarka amma takardar nan ba za ta yiwu ba gaskiya. Tsohon ma'ajin nan a ƙarƙashinsa na yi shekarar horo bayan na gama jami'a, kuma lokacin da zan buɗe shago shi ya ba ni kaya bashi na kusan wata takwas bai taɓa tambayata ba. Yau in aika masa takarda da hatimi in ce na ba shi kwana 14? Da wane ido zan kalle shi? Kuma ni ban ce ya ci kuɗi ba, mutum ne mai yawan harkoki, na kira shi sau biyu ya ce yana tattara takardun.

Baban Walid:
To ai ba ki faɗi wannan ba tun farko Hajiya. Amma ko da kin faɗa maganata ba ta canja ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Shi ya sa ake rubuta takarda, don ba Ummu Hanan ce ke tambayar ubangidanta ba, ofis ne ke tambayar ofis, kuma sakatare ne zai sa hannu ba ke ba. "Ina tattara takardun" na ji ta har na gaji, wanda muka gada a reshenmu wata goma sha ɗaya yana tattarawa. Ke kika miƙe a gaban mutane kika ce a karanta lissafi, a kan wannan maganar aka zaɓe ki, in wata uku ya wuce ba ki karanta ba yaran da suka biyo ki mota su za su fara cewa an saye ki. Alherin da ya yi miki ki rama masa da dukiyarki, ba da dukiyar mambobi ba.

Famasist A.:
'Yar'uwa ni ma abokin sana'a ne daga wata jihar, na riƙe sakataren kuɗi sau ɗaya. Kafin takarda ko gaisuwa ki fara samo kundin tsarin mulki, ki kira sakatariyar jiha za su turo miki ko ta WhatsApp ne, a ciki za ki ga wa'adin miƙa mulki da su wa ke sa hannu a akawun da adadin mutanen da mitin ke halatta da su. Mitin na mutum 11 ma ki duba ko ya cika ƙa'ida kafin ki kai minit ɗinsa banki. Maganar masu kemis kuma kar ki yi wa kowa alkawari, ƙungiya ba ta da ikon rufe shagon kowa, wannan aikin PCN ne, wato hukumar kula da sana'ar famasist ta ƙasa, ita doka ta ba ikon rajista da duba wuraren sayar da magani, an ma sabunta dokar a 2022. Naki shi ne ki tattara koke a rubuce ki kai ofishinsu na jiha. Ni da ni ne, satin nan zan zagaya shago-shago in rubuta sunan kowa da lambar waya da watan da ya tsaya da biyan kuɗi, musamman su 19 ɗin nan.

Ɗan Asabe Kemis:
Ni dai abin da ke ba ni haushi kullum masu kemis masu kemis. Shekara 14 ina da lasisi, ban taɓa sayar da abin da ba a yarje min ba. Ku je ƙauyukanmu ku ga famasist nawa ne ya yarda ya zauna a can, in yaro ya kwana da zazzaɓi ƙofar wa ake bugawa da asuba? Lokacin da aka hana kodin a 2018 a kemis kaɗai aka same shi? Kowace sana'a akwai ɓata-gari, a daina yi mana kuɗin goro.

Maman Sadiq:
Malam Ɗan Asabe ba da kai ake ba, a yi haƙuri. Amma ni ma ƙanwata allurar da aka yi mata a wani shago sai da ƙafar ta kumbura muka kwana huɗu a asibiti, don haka koken ma ba ƙarya ba ne.

Ummu Hanan:
Famasist A. na gode, kundin zan nema in sha Allahu. Zagayen ne dai ban ga lokacinsa ba, yarinyar da ke taya ni a shago ta tafi bautar ƙasa, in na fita sai dai in rufe. Maganar kuɗi kuma na ɗan samo mafita, tunda lokacin kamfen na yi alkawarin rage kuɗin wata zuwa 2,000 saboda halin da ake ciki tun cire tallafin mai, na sanar an rage, kuma na ce kafin a warware maganar banki a riƙa turowa ta wani akawun ɗina na OPay da ba na amfani da shi, mutum tara har sun turo, da shi nake so mu sayi tsinken awon suga na ranar 25.

Baban Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya kuɗin ƙungiya a akawun mai sunanki? Wallahi wannan ya fi duk abin da kike ƙorafi a kai muni. Kin ba su wuƙa da nama. Gobe wanda kika kayar zai miƙe a mitin ya ce wa ya ba ki izini, a wane minit aka rubuta, kuma gaskiya ce zai faɗa. Rage kuɗin ma ba ikonki ba ne ke kaɗai, sai babban taro ya amince. Yau ɗin nan ki dakatar, ki fitar da sitatimen, ki mayar wa mutum taran kuɗinsu ko ki damƙa wa sabon ma'aji a gaban shaidu. Wai ina sabon ma'ajin naku ma yake, ban ji kin ambace shi ko sau ɗaya ba?

Ummu Hanan:
Haba Baban Walid, sai ka ce sata na yi. Duk wanda ya turo ina rubutawa a littafi da kwanan wata, kuma hoton alat ɗin ina sawa a zauren mambobi kowa na gani, wanda a shekara biyar ba a taɓa yi musu ba. In ban yi haka ba da me za mu fita ranar 25, in sake cirewa daga aljihuna kai ka ce kar in yi. Sabon ma'ajin daga ɓangaren su yake, tun ranar zaɓe bai ɗaga wayata ba sai saƙo ɗaya da ya turo wai yana Legas.

Hajiya Babba:
'Yata ki ji tsoron Allah a kan amanar nan, ki kuma ji tausayin kanki. Ranar 25 ɗin in ba ku fita bana ba me zai faru? Ki bar ta ta wuce, ki gyara gida tukuna. Ga goyo ga shago babu mai taya ki.

Famasist A.:
A'a Hajiya, in ba ta fita ba cewa za a yi mace ta karɓa abu ya mutu. Fitar ba ta da wani tsada, kowane mamba ya zo da na'urar awon jininsa daga shago, tsinken suga kuma a roƙi dilolin da muke saye a wurinsu, suna bayarwa in an rubuta musu da wuri. Amma akawun ɗin nan ina tare da Baban Walid.

Abu Hafsat:
Mu ma da haka aka fara, wai na wucin gadi ne.

Ummu Hanan:
Yanzun nan tsohon ma'ajin ya kira ni, ya ce ya ji ana ta maganganu a gari wai ina shirin kai shi gaban jiha, wallahi ban faɗa wa kowa haka ba ban san inda ya ji ba, muryarsa duk ta canja. Ya ce jibi zai tafi Umara sai bayan sati uku, in ya dawo mu zauna. Na ce Allah ya kiyaye hanya ya sa mu a addu'a, na kasa ce masa komai. Akawun ɗin kuma zan bar shi zuwa bayan 25 tunda mutane sun riga sun saba da lambar.

Baban Walid:
Jibi zai tafi, wato kina da gobe. Cek da littafin minit ba sa bukatar biza, ya bar wa yaron shagonsa. Kin kira sakataren naki kuwa?

Maman Sadiq:
Mutum zai tafi ɗakin Allah a bi shi da takarda? Anti ki je dai ki yi masa sallama da ɗan turare. Af, Ventolin ɗin nawa kuke sayarwa yanzu, na Sadiq ya kusa ƙarewa.