An damƙa mini basun a makaranta, ta ina zan fara?

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon kiɗa a Legas, ɗan asalin Jos. Tun muna sakandare nake busa kilarinet, wata abar busa mai maɓallai. Wannan zangon malaminmu ya ce ƙungiyar makaɗan makarantar ba ta da mai busa basun, ga kuma ɗaya ajiye a sito babu mai taɓa shi, sai ya ba ni aro. Ga wanda bai san shi ba, doguwar abar busa ce ta katako, tsayinta ya haura mita ɗaya, muryarta kauri gare ta, a kan ɗan siririn bututun ƙarfe ake ɗora abin busawar da ake kira rid.

Raina yana son sautin ƙwarai, amma abin ya ƙi ni. In na busa, wani lokaci ya fito, wani lokaci ya shaƙe. Babban yatsana na hagu ya rasa inda zai sa kansa saboda yawan maɓallai. Malamin namu kuma mai kilarinet ne, ya ce iyakar abin da zai iya shi ne ya saurare ni. Shin in fara tara kuɗin sayen nawa ne? Sannan hutun Disamba zan tafi gida, ina tsoron abin da hunturu zai yi wa katakon. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Wani tsohon ɗan badujala:

Wa alaikumus salam ɗana. Maganar saye ka ajiye ta tukuna. Basun na cikin kayan busa mafiya tsada, ko na ɗalibai ba na aljihun ɗalibi ba ne. Kuɗin da kake da shi, rid zai ci, kuma nan ya kamata ya tafi.

Shaƙewar da kake ji, ina kyautata zaton ba daga bakinka take ba. Kayan da ya daɗe a sito fatun maɓallansa kan bushe, iska ta riƙa zurarewa. Ka cire sashen da bututun ƙarfen yake shiga, ka toshe ramukan da yatsu, ka toshe ƙasan, ka tsotsi iskar. In ya kama leɓenka, lafiya lau. In ka ji iska na shiga, sai mai gyara. Na ga yara da yawa sun yi zaton su ne ba su iya ba, alhali kayan ne ke yoyo.

Rid kuwa tsagin kara biyu ne aka haɗa aka ɗaure da waya da zare, kuma ba ya aiki a bushe. Ka jiƙa shi a ruwa mai tsabta na minti 2 zuwa 3, yawu kaɗai ba ya isa. Kafin ka ɗora shi, busa shi shi kaɗai. Mai kyau zai yi wata kururuwa mai gauraye, ƙasa da sama a haɗe. Ka nemi mai matsakaicin laushi, ka mallaki aƙalla 3 kana juya su. Kada ka cije shi. Leɓe ne zai rufe haƙora kaɗan ya zagaye shi, muƙamuƙi a sake.

Ka san algaitarmu ma rid biyu ne a bakinta, dangi ne na nesa. Sai dai mai algaita yakan cusa karan duka cikin baki ya kumbura kumatu. A basun ba a haka, kumatu a tsuke suke, iskar daga ciki take tasowa.

Mai tambaya:

Na gode Baba. Rid ɗaya tal na tarar a cikin akwatin, ban ma san wanda ya yi amfani da shi ba.

Tsohon ɗan badujala:

Jefar da shi yau ɗin nan.

Wata malamar kiɗa da ke Ingila:

Ƙanena, kilarinet ɗin da ka iya ya rage maka rabin tafiya. Yatsu uku na hagu a basun suna ba da sautin C, ka ƙara biyu na dama A, ka ƙara na ukun G, sunaye ɗaya da na ƙasan kilarinet. Sabon abu gare ka shi ne karatun layin bas, wato yadda ake rubuta kiɗan kayan da ke da murya mai kauri, wannan kuma mako kaɗan ne in ka dage.

Babban yatsan hagu kada ya tsorata ka. Gaskiya ne maɓallai 9 ko fiye ke jiransa, amma a farkon nan ɗaya kawai zai riƙe, wanda ke toshe ɗan ramin jikin bututun ƙarfen. Ka fara daga F, ka sauko E, D, C, kana jan kowane sauti da tsawo. Sauran su zo a hankali: rufe rabin rami da manuniyar hagu domin F mai kaifi (wanda ya ɗan ɗara F sama) da G, sai kuma ɗan taɓa maɓalli da babban yatsa a farkon A, B da C na sama don kada su fashe. Wannan taɓawar ka koye ta da zarar ka kai wurin, domin wanda ya saba busa su ba tare da ita ba yakan sha wahalar gyarawa daga baya.

Littafin Julius Weissenborn na koyon basun, wanda ya fito a 1887, har yau da shi ake fara ɗalibai, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Amma ka duba wane tsari ne naka. Akwai na Jamus, wato Heckel, wanda kusan duk duniya ke busawa, akwai na Faransa, wato Buffet, kuma jerin yatsunsu ya bambanta. Ka tabbatar jadawalin da za ka bi ya dace da kayanka.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne, rid kaɗai ba zai wadatar ba. Ka nemi wanda basun ne sana'arsa ya kalli bakinka da zamanka, ko da sau ɗaya a wata ne, ko ta bidiyo. Tunda kana Legas, ka leƙa cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan ka yi tambaya.

Wani mai gyaran kayan busa:

Ni maganar hunturu ta kawo ni. Fara duba ko katako ne da gaske. Kamfanin Fox na Amurka yana yin na roba domin makarantu, in shi ne, hankalinka ya kwanta. In katako ne, daga damshin Legas zuwa bushewar Jos zai tsuke, mahaɗai su yi sako-sako, wasu maɓallai su cije. Kullum ya kwana cikin akwatinsa a rufe, ka sa ɗan soso mai danshi a ƙaramin gwangwani mai huji a gefe, kada ya taɓa katakon. Ban da but ɗin mota, ban da kusa da gawayin jin ɗumi.

Duk ka gama busa, ka zura tsumma ka tsane sashen sama da na gindin, nan ruwa ke taruwa, kuma ruwan ne ke ruɓar da katako. Kada ka kwantar da shi da ruwa a ciki. Bututun ƙarfen nan ka kama shi ta wajen gindinsa in za ka sa ko za ka cire, in ya lanƙwashe ko ya tsage sauti ya lalace, sabo kuma tsada ne. Ka busa a zaune, da ɗamarar da ake zama a kanta ta riƙe gindin, nauyinsa ya wuce kilo 3, hannun hagu ba zai jure ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na duba, katako ne, kuma na gwada abin da Baba ya ce, iska na shiga. Anti, rid na roba fa, zai yi mini a Jos?

Malamar kiɗa:

Zai yi, kamfanin Légère na yin sa, ba ya buƙatar jiƙo kuma bushewa ba ta damunsa, sai dai ya fi na kara tsada sosai. Amma ka fara kai kayan a toshe yoyon. Ka gaya wa malaminku tun yanzu, tunda na makaranta ne, su ya kamata su biya gyaran, kuma ka nemi izini a rubuce kafin ka yi tafiya da shi.