Santorini ce Atlantis? Muhawarar da hoton Yaya Auwal ya tayar

Yaya Auwal: Salamu alaikum 'yan gida. Ga hoton da na yi muku alkawari. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka na ɗauke shi, daf da faɗuwar rana. Wannan ruwan da kuke gani a tsakiya, da can tudu ne. Dutse ne ya yi aman wuta, tsakiyar tsibirin ta rufta, teku ta shigo ta cike gurbin. Ɗan jagoranmu ya ce nan ce Atlantis ɗin da ake ta faɗa, ƙasar nan da ta nutse. Na gani da idona, na kuma yarda.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam, sannu da hanya Auwalu. Mu dai tsaraba muke jira, ba Atlantis ba.

Kawu Malam: Barka da sauka, ɗana. Amma bari in gyara maka zance. Abin da ka gani da idonka ruwa ne da tsauni. Atlantis kuwa da kunne ka ji ta, daga bakin mutumin da abincinsa ke nan. Mai tallan fura ba zai ce maka nononsa ya kwana ba.

Yaya Auwal: Kawu, Allah ya ƙara girma, da ka shiga Akrotiri da ba ka ce haka ba. Gari ne sukutum da toka ta binne, aka tono shi, aka yi masa rumfa. Ina tafiya a kan katako ina leƙa gidaje masu hawa biyu da uku. Ga bututun yumɓu na fitar da ruwan datti a ƙarƙashin titi, ga manyan randuna a jere inda masu su suka bar su, ga wani matakalar dutse da girgizar ƙasa ta tsaga gida biyu. A gidan tarihin da ke Fira na ga zanen bango na birai masu launin shuɗi, kamar jiya aka shafa fentin. Mutanen shekara 3,600 da suka wuce fa! In ba su ne Atlantis ba, su wane ne?

Kawu Malam: Su ne mutanen Akrotiri, kuma wannan ma ya ishe su daraja. Ka san daga ina sunan Atlantis ya fito? Daga alƙalamin mutum ɗaya, Aflatun, masanin falsafa na Girka, wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a rubuce-rubucensa biyu, Timayus da Kiritiyas. Ya ce Solon, dattijon Atens, shi ya jiyo labarin a bakin malaman addini na garin Sayis a Masar. Yanzu ka lissafa abin da ya faɗa. Ya ce tsibirin yana bayan ginshiƙan Herakulis, wato mashigar Jibralta, can yamma a babbar teku. Kai kuwa kana gabashin Bahar Rum. Ya ce ya fi Libiya da Asiya, yadda Girkawa suka san su a lokacin, girma in an haɗa su. Kai da bakinka ka ce min a yini guda ka zaga Santorini da motar haya. Ya ce abin ya faru shekara 9,000 kafin Solon. Dutsenka bai kai ko rabin haka ba. Wuri bai dace ba, girma bai dace ba, lokaci bai dace ba. Me ya rage?

Zainab: Kawu, a yi min afuwa in sa baki, wannan fagen namu ne na masu karatun duwatsu. Aman wutar Santorini ba ƙaramin abu ba ne, yana cikin mafiya girma da ɗan Adam ya shaida. A wasu wurare tokar ta yi tsayin gomman mitoci, an kuma tsinci irinta a tsibirin Kirit da Turkiyya. An samu reshen zaitun da tokar ta binne da ransa, gwaji ya nuna wajen shekara ta 1600 kafin Annabi Isa (AS). To akwai wani masanin girgizar ƙasa Bagirke, Galanopulos, da ya ce wataƙila kuskuren lissafi aka yi wajen juyo labarin daga Misirawa, 900 ta koma 9,000. Solon ya rayu wajen 600. Ka ƙara 900, ka sauka a 1500. Ai an yi kusa, Kawu.

Yaya Auwal: Yauwa ƙanwata! Tsarabarki ta ninku.

Kawu Malam: Zainabu, in ɗalibi ya kawo min amsa ya ce daidai take muddin na goge sifili ɗaya, na matsar da tsibirin daga wannan teku zuwa waccan, na kuma rage masa girma, ni ma sifilin zan ba shi. Kuma har yau ba a tono wata takardar Masar da ta ambaci Atlantis ba. Herodotus, marubucin tarihin Girka na dā, ya je Masar, ya zauna da malamansu, ya rubuta har abin da bai kai ya kawo ba, amma bai kawo wannan labari ba.

Bashir: Kawu ni fa ina bayan Yaya. Haka aka riƙa cewa birnin Taroy tatsuniya ce, sai ga Shiliman, Bajamushe mai tonon kayan tarihi, ya je Hisarlik a Turkiyya cikin shekarun 1870 ya tono shi. Ba a hayaƙi sai da wuta.

Kawu Malam: Misalinka ya yi kyau, Bashir, sai dai ni yake taimako. Labarin Taroy waƙa ce da Girkawa suka gada kaka da kakanni, kuma garin bai taɓa ɓace musu ba, har Iskandar mai girma ya kai masa ziyara. Atlantis ba wanda ya rera ta kafin Aflatun. Shi Shiliman ɗin ma, garin zumuɗi ya haƙe ya wuce zamanin da yake nema, zinaren da ya ce na Firiyam sarkin Taroy ne ya girmi yaƙin Taroy da ke cikin waƙar da shekara dubu ko fiye. Ka ɗauki rijiyar Kusugu a Daura. Tana nan, kowa na iya zuwa ya sha ruwanta. Ganin rijiyar ba shi ne ganin macijiyar ba.

Anti Rabi: Malam, ka bar Daura a gefe kafin surukanmu su ji.

Yaya Auwal: To Kawu, don me babban malami kamar Aflatun zai zauna ya shara ƙarya?

Kawu Malam: Ban ce ƙarya ba, darasi ne. Mutumin ya saba ƙirƙiro labari don ya kafa hujja. Duba yadda ya tsara shi: ƙasaitacciyar daula mai jiragen ruwa da dukiya, girman kai ya ɗebe ta, ta kai wa Atens ta dā yaƙi, talakan gari mai tarbiyya ya kayar da ita, sannan teku ta haɗiye ta cikin yini da dare guda. Da mutanen garinsu yake. Yana yaro Atens ta tura rundunar ruwa Sisili don kwaɗayin mulki, aka hallaka ta a shekara ta 413 kafin Annabi Isa (AS). In kuma nutsewar gari kuke nema, ba sai ya koma shekara dubu baya ba. A 373, yana raye da hankalinsa, girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka cinye garin Helike a dare ɗaya, a mashigin Korinti.

Zainab: Wannan ta Helike ta kama ni, gaskiya. Kuma akwai abin da ke ƙara wa Kawu ƙarfi. Marinatos, wanda ya fara tonon Akrotiri a 1967, tun 1939 yake cewa aman dutsen Santorini ne ya rusa tsohuwar daular Kirit. Daga baya aka ga fadojin Kirit sun ci gaba da harkarsu, sai wajen 1450 kafin Annabi Isa (AS) suka faɗi. Sannan mutanen Atlantis da ƙasarsu suka nutse, amma a Akrotiri ba a tono gawarwaki ba, ba a kuma samu zinariya ba sai wani ɗan gunkin akuyar daji. An ga gadaje da aka fitar waje aka ɗora wani kan wani, alamar bayan girgizar farko sun dawo suna gyara, da suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka kwashe kayan ƙima suka bar garin.

Yaya Auwal: Wallahi ɗan jagoran ya nuna mana siffar gadajen nan, na ɗauka ado ne. Amma ni dai ban sauka gaba ɗaya ba. Bala'i irin wannan ba zai wuce ba tare da ya bar amo a bakin mutane ba, ko da amon ya canza kafin ya kai ga Aflatun.

Kawu Malam: "Wataƙila amo ne" daban, "na gani da idona" daban. Ta farkon zan iya zama da kai a kanta.

Anti Rabi: To an gama? Tsarabar fa?

Yaya Auwal: Gobe in Allah ya kai mu zan kawo, Anti. Kawu, taka kofin shayi ce, tun a can na saya. Sai dai ka yi haƙuri, "Atlantis" aka rubuta a jikinsa.