Masaƙu ne suka gina Manchester ko kasuwa?

Ɗan Kakuri: Jama'a ni fa na tsaya kan bakana, masaƙun auduga ne suka gina Manchester ta Ingila. A 1801 mutanen garin basu kai dubu 100 ba, zuwa 1851 sun haura dubu 300, me ya kwaso su in ba aikin masaƙa ba? Tunda Richard Arkwright, attajirin masaƙun auduga, ya kafa tasa a unguwar Shudehill wajen 1782 sai unguwar Ancoats ta cika da injinan tururi, mutanen ƙauye suka dinga tuttuɗowa har da mata da ƙananan yara.

Malamin Tarihi: Yaya a hankali dai. Injin tururi da me yake tashi? Kwal. Hanyar ruwan Bridgewater da aka haƙa aka buɗe a 1761 ita ta karya farashin kwal kusan rabi tun masaƙun basu zo ba, sannan jirgin ƙasa ya haɗa su da tashar Liverpool a 1830.

Ɗan Kakuri: toh Malam jirgin me yake ɗaukowa, ba dilolin auduga bane?

Mai Atamfa: Ku tambayi ƴan kasuwa mana. Masaƙun cikin garin sun kai ƙololuwa a 1853, guda 108, daga nan kaɗin zare ya fi komawa garuruwan Oldham da Bolton da ke maƙwabtaka amma Manchester bata daina girma ba saboda can ne sito-sito suke da bankuna da dillalai, kowa ya saƙa sai ya kawo nan a sayar, akawu da ƴan dako ma ai mutane ne kuma suma haya suke kamawa.

Ɗaliba: Hajiya gaskiyarki, amma ba kowa aikin ne ya jawo shi ba wlh, ƴan Ireland da yawa yunwar da ta faro a 1845 ce ta koro su. Kuma yawancin audugar nan bayi ne ke nomata a lokacin a jihohin kudu na ƙasar Amurka, da yaƙin basasar ƙasar ya tare ta a 1861 masaƙu suka dinga rufewa.

Ɗan Kakuri: Yauwa ƙanwata kin ƙara min hujja! Auduga ta yanke, duk Lancashire, yankin da Manchester take ciki a lokacin, ta shiga yunwa.

Mai Atamfa: Garuruwan da ba su da komai sai masaƙa su suka fi jin jiki Alhaji, je ka duba garin Stalybridge da ke kusa da Manchester.